Zuwa Ga Masu Kyamara: Idan Baƙuwar Mujiya Ta Sauka A Unguwa

'Yan'uwana masu ɗaukar hoto,

Yawancinmu abincinmu yana wurin biki da suna da hawan salla. Amma 'yan shekarun nan na lura wasu daga cikinku, musamman matasa, sun fara juya kyamara zuwa tsuntsaye, kuma abin ya faranta mini rai. Shi ya sa nake so mu tattauna kan wata rana da za ta iya zuwa wa kowannenku, ranar da wani zai buga maka waya ya ce ga wata irin mujiya can a kan tsamiyar bayan maƙabarta, ko a kan rufin wani gida, ba a taɓa ganin irinta a garin ba.

Irin haka ta faru a Amurka. A ƙarshen Disambar 2022, farar mujiyar nan da ke hayayyafa a yankin ƙanƙara na can ƙuryar arewacin duniya ta bayyana a kan rufin gidaje a garin Cypress, kudancin jihar Kalifoniya, nesa ƙwarai da inda aka saba ganinta. Unguwa ce ta zaman jama'a kawai, ba daji ba. Cikin 'yan kwanaki titin ya cika da motoci da masu dogayen kyamarori, ita kuwa ta yi makonni tana sauya rufi kafin ta ɓace a Janairun 2023. Kafin wannan, ranar 27 ga Janairun 2021, irinta ta sauka a wani filin wasa cikin lambun Central Park na birnin New York, inda rabon da a rubuta ganinta tun 1890. Jama'a suka yi dafifi a bayan shinge, hankaki da shaho suna tsangwamarta, wani kuma ya tayar da ƙaramin jirgi maras matuƙi a samanta, sai da ma'aikatan lambun suka tsawatar.

Can, masu sonta ne suke takura mata. A wurinmu kuwa kowa ya san baƙin jinin mujiya. Wanda ya ji kukanta a kan gidansa sai gabansa ya faɗi, yara su ɗauko danƙo, wani ya haɗa tarko don ya san akwai masu sayen irinta a kasuwar kayan tsibbu. Taron da hotonka zai jawo a Kano ko Maraɗi ba irin na Cypress ba ne. Saboda haka abu mafi tsada da ke hannunka a wannan rana shi ne sanin inda take, kuma shi nake roƙonku ku riƙe da kyau.

Kada ka rubuta sunan unguwa a Facebook ko WhatsApp. Kada ka bari hasumiyar masallaci, ko allon wani shago, ko tankin ruwan da kowa ya sani ya fito a bayan hoton. Idan da waya ka ɗauka, ka tuna wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto bayanin daidai wurin da aka tsaya. Kashe wannan tun kafin ka fita. Mafi alheri ma ka riƙe hoton a wurinka har sai tsuntsuwar ta bar wurin. Na san da ciwo, don kowa yana son a ce shi ya fara gani. Amma hatta eBird, rumbun bayanan tsuntsaye da ke ƙarƙashin Jami'ar Cornell, yana ɓoye takamaiman wurin da aka ga wasu nau'o'in mujiya, alhali a yawancin wuraren abin da suke gudu damu ne kawai, ba kisa ba.

Tsayuwarka ita kanta shela ce. Mutum uku su tsaya a lungu da doguwar kyamara suna kallon sama, kafin ka ce kwabo yara sun kewaye su. Je ka kai kaɗai, ko ku biyu. Zaɓi lokacin da yara suke makaranta, ko bayan asuba kafin gari ya tashi. Kada ka nuna bishiyar da yatsa.

Sai haƙƙin mutanen unguwa, wanda masu zumuɗi suke mantawa. Kyamarar da ka saita wa rufi, a idon maigida tsakar gidansa ka saita wa, inda iyalinsa suke. Yi sallama, nemi maigidan a zaure, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Idan za ka riƙa dawowa, ka bi ta wajen mai unguwa. Hawa katanga kuwa babu shi, ko da daga nan ne kaɗai ake ganinta sarai. Idan ka samu hoto, nuna wa maigida a jikin kyamara. Mutane da yawa ba su taɓa kallon fuskar mujiya da kyau ba, kuma na ga yadda ganin kan sassauta zuciya. In ya ce shi dai sai ya kashe ta, kada ka yi masa dariya ko ka kira shi jahili. Tuna masa cewa malamai sun daɗe suna karantar da hadisi ingantacce da ya kore camfi da mujiya. Sannan ka yi masa maganar ɓera: shi ne babban abincin mujiyar nan mai farar fuska da ke kwana a kangaye da silin. A Isra'ila tun shekarun 1980 manoma suke kafa mata akwatunan sheƙa a gonaki don ta rage musu ɓeraye, daga baya manoman Jordan ma suka shiga shirin. Mai buhunan hatsi a ɗaki zai fahimci wannan lissafi da wuri.

Yanzu ita tsuntsuwar. Yawancin mujiyoyinmu da rana barci suke yi, kuma wannan barcin shi ne ƙarfin farautar dare. Wadda ta natsu za ka ga idonta a lumshe, jikinta a sake, wani lokaci ƙafa ɗaya a naɗe cikin gashi. Da ta buɗe ido tar tana binka da kallo, ko ta fara leƙe-leƙe tana sauya tsayuwa, to ka matso da yawa ke nan. Ja baya a hankali. Ƙaramar mujiyar nan mai toka-toka da jan ido da tukkaye biyu kamar kunnuwa tana da wata dabara: idan ta tsorata sai ta matse gashinta ta miƙe siririya, ta ƙanƙance ido, har ka ɗauka guntun reshe ne. Wasu suna murna da samun wannan hoto. Ni dai idan na gan shi abin da nake karantawa shi ne mai kyamarar ya firgita ta. In kuwa ka kai ga ta tashi da rana tsaka, ka jefa ta hannun hankaki da sauran tsuntsaye, waɗanda za su bi ta da tsangwama daga bishiya zuwa bishiya, hayaniyarsu kuma ta nuna wa kowa inda ta koma.

Ta fuskar aiki, mujiya tana da sauƙin da sauran tsuntsaye ba su da shi: tana iya daɗewa ba ta motsa ba. Don haka ƙarancin haske ba uzuri ba ne. Sa gilashi mai nisan milimita 400 ko fiye, ɗora kyamara a kan ƙafafunta uku, ka sauke saurin ɗauka zuwa ɗaya bisa 60 ko ɗaya bisa 30 na daƙiƙa, ka ɗaga ISO gwargwadon abin da kyamararka za ta jure. Yi amfani da jinkirin daƙiƙa biyu don kada taɓawar yatsanka ta girgiza hoton, ka kashe ƙarar ɗauka idan kyamarar tana da wannan. Rassa da ganye suna ruɗar saitin kai-tsaye, saboda haka ka saita da hannu a kan ido. Idan sararin sama mai haske ne a bayanta, ƙara haske kaɗan, in ba haka ba baƙar inuwa kawai za ka kwaso. Hazon hunturu, wanda muke tsinewa a wurin biki, a nan taimako yake yi, don yana tausasa rana. Wanda gilashinsa gajere ne kada ya cike gibin da ƙafa. Ɗauki hoton da faɗi, da reshen da rufin kwanon, sau da yawa ma shi ya fi ba da labari.

Hoton mujiya mai barci hoto ne cikakke. Ba sai ka tafa hannu, ko ka yi tsaki, ko ka jefa tsakuwa don ta buɗe ido ba. Mai son ido a buɗe ya jira almuru; za ta farka da kanta, ta yi miƙa, ta gyara gashi, ta juya kan nan da ke iya kaiwa digiri 270.

Filasha da dare ban yarda da ita ba, haka ma dalle mata tocila mai ƙarfi. Idon da aka halitta don duhu yana buƙatar lokaci kafin ya dawo daidai, ga wayoyin lantarki da motoci a ko'ina cikin unguwa. Kunna kukan mujiya a waya don a jawo ta shi ma ku bar shi. Ita tana ɗauka wata ce ta shigo mata yanki, ta bar farauta ko 'ya'yanta ta fito neman faɗa. A Kanada da arewacin Amurka akwai masu sayen ɓeraye su jefa wa mujiya don su samu hotonta tana sura. Wadda ta saba da haka takan riƙa kusantar mutane da bakin titi, nan mota ke samunta.

Ɓera ma da kansa yakan zama ajalinta. Wata babbar mujiya da ake kira Flaco ta kuɓuce daga gidan namun dajin Central Park a Fabrairun 2023, ta shekara tana yawo a New York ana ɗaukar hotonta, ta mutu a Fabrairun 2024 bayan ta yi karo da gini. Da aka bincika gawarta sai aka tarar da gubar ɓera iri huɗu a jikinta. Idan maigida ya amince ya bar mujiyar da ta sauka a gidansa, ka roƙe shi ya koma ga tarko maimakon maganin ɓera.

Ɓoye wurin ga jama'a ba ya nufin a ɓoye wa masana. Sau da yawa wadda aka ce baƙuwa ce sai ta zama 'yar gida da ba a lura da ita ba, amma wani lokaci da gaske sabuwa ce a yankin, kuma hotonka ne kaɗai shaida. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos ita ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, kuma irin wannan bayani suke nema. Aika musu kwanan wata da lokaci da ainihin wurin, da hoto ta gaba da ta gefe wanda ya nuna launin ido da ko tana da tukkaye, da kukanta idan ka naɗa ba tare da ka tsokane ta ba. Ga sauran jama'a kuwa, sunan jiha da watan da aka ɗauka sun isa a ƙarƙashin hoton.

Wassalam,
Abokin sana'arku.