Filin Kiɗa da Waƙa: Mamman Sani da tsofaffin waƙoƙi

Manoma da makiyaya da yawa sun san kiɗan Mamman Sani Abdulaye, ko da ba su san sunansa ba. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar sun yi ta sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri.

Abin kiɗansa ba gurmi ba ne, ba goge ba ne. Ana ce masa org, ƙirar ƙasar Italiya. Kamar piyano yake, da yatsu ake danna shi, amma da lantarki yake aiki.

A 1978 aka ɗauki kiɗansa na farko a gidan rediyon ƙasa, a Yamai. Kaset ɗin da aka buga kaɗan ne ƙwarai. A ciki akwai nasa na kansa, akwai kuma tsofaffin waƙoƙin ƙauye da na makiyaya da ya sāke kaɗawa. A 2013 wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sāke buga wannan kiɗa. Daga nan ƙasashen waje suka san shi.

Wasu suna cewa mai kaɗa waƙar wani ba gwani ba ne. Wannan magana ba daidai ba ce. Waƙa kamar irin hatsi take, in ba a sāke shuka ta ba, sai ta lalace a rumbu.

Saboda haka tsofaffi masu waƙar daka, da ta noma, da ta kiwo, su koya wa yara tun suna da rai. Yara kuma kada su raina ta.