Wa Ya Lura Ba Ka Zo Ba?

  Yau hirarmu a kan abota ce da aikin da kowa zai iya yi a cikin jama'arsa. Ni Kirista ne, a cocin Hausa na tashi, kuma daga can zan ɗauko misalaina. 'Yan uwana Musulmi masu bin wannan fili, kada ku juya shafi, don na tabbata za ku ga abin da kuka sani a unguwa, a aji, ko a Islamiyya.

Shekara uku da suka wuce sakamakon WAEC ɗinmu ya fito. Na samu kiredit a komai, ban da Lissafi. Kun dai san ƙa'idar: in babu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ƙofar jami'a a rufe take, komai yawan makin da mutum ya ci a JAMB. A cocinmu kuwa akwai wata al'ada mai kyau. Duk wanda ya ci jarrabawa yakan fito gaba ranar Lahadi ya yi godiya, mawaƙa su ɗaga waƙa, iyaye mata na Zumuntar Mata su yi ta guɗa. Mu shida muka rubuta jarrabawar a shekarar. Biyar suka fita gaba, ni kuma na manne a bencin baya ina tafi kamar kowa, alhali zuciyata kamar ta fashe.

Babu wanda ya zage ni. Sai dai da aka tashi sujada wata mama ta riƙe hannuna a bakin ƙofa, ta ce, "Ɗana, kai kuma yaushe za mu sha taka godiyar?" Da zuciya ɗaya ta faɗa, amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Lahadin da ta biyo baya na ce kaina ke ciwo. Ta bayanta na ce wanki ya taru mini. Kafin in farga, sati bakwai ban taka coci ba. Na daina zuwa taron matasa, na daina ɗaga waya, na koma kwana da rana da danne-dannen waya da dare. Har addu'ar ma na ajiye ta, don gani nake Allah ya ji ta mutum biyar ya tsallake tawa.

Akwai wani abokina da muka taso tare tun Makarantar Lahadi, shi ne mai kiɗa mana ganga a Boys' Brigade. Yana cikin biyar ɗin da suka ci. Wata Asabar da hantsi sai na ji sallamarsa a tsakar gida yana gaida Mama. Na gyara zama ina jiran wa'azi, har na tanadi amsar da zan ba shi. Sai ga shi ya shigo da rake guda biyu da littafin tsofaffin tambayoyin Lissafi a hammata. Ya shimfiɗa tabarma ya ce, "Mutumina, tashi mu ga inda abin ya kāsa." Bai tambaye ni dalilin rashin zuwana coci ba. Muka yi awa biyu a kan lissafin kusurwa, muka sha rake, ya tafi. Asabar ta gaba ya sake dawowa, haka ta gabanta.

A Asabar ta huɗu, yana naɗe tabarma, sai ya ce, "Af, Baba kafinta yana cigiyarka. Ya ce bayansa ya fara ciwo, yana neman mai kama masa benci gobe da asuba." Wannan Baba dattijo ne da bai taɓa hawa bagade ya yi wa'azi ba, ba ya cikin dattawan ikkilisiya, muryarsa ma ba ta waƙa ba ce. Amma shi ke buɗe coci tun kafin gari ya waye, ya share, ya jera benci, ya buga ƙusa a wanda ya fara lilo. Na ga cewa da asuba babu mai ganina, sai na tafi.

Da ya hango ni bai ce komai ba sai, "Ka zo, ɗana? Kama can." Muka yi ta ɗaukar benci shiru. Sai da muka kai na baya, ya dafa shi ya ce, "Nan ne wurinka. Sati bakwai ina jera shi, ina ganinsa babu kai." Na ce, "Baba, ashe kana ƙirgawa?" Ya ce, "Wanda ke jera benci ai ya san mazaunin kowa." A ranar ban koma gida ba, na tsaya aka yi sujada da ni. Ba wata doguwar magana ce ta dawo da ni ba. Mutum biyu ne suka lura ba na nan, ɗaya ya tako har gida, ɗaya kuma ya ba ni aikin yi.

Tun daga lokacin na canja yadda nake kallon kalmar "kira". Mu matasan coci mukan ɗauka cewa wanda Allah ya kira shi ne wanda zai tafi makarantar tauhidi ya dawo Fasto, ko mai riƙe makirfo a gaban mawaƙa. Sauranmu kuma 'yan kallo. Amma duk wanda ya karanta Littafi Mai Tsarki da natsuwa zai ga ba haka abin yake ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 9 akwai wata mace a garin Yafa mai suna Dokas, ko Tabita. Ɗinki take yi. Da ta rasu, gwauraye suka taru suna kuka suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka tun tana tare da su. A sura ta 18 kuma mun ga Bulus ya sauka a gidan Akila da matarsa a Koranti, saboda sana'arsu ɗaya, ɗinkin tanti. A wurin aikin hannu abotarsu ta ƙullu, kuma daga baya aka riƙa taron ikkilisiya a gidansu.

Labarin da ya fi kama da nawa yana cikin Markus sura ta 2. An kawo wa Yesu wani shanyayye a Kafarnahum, mutum huɗu ke ɗauke da shi. Gida ya cika, babu hanyar shiga, sai suka hau sama suka buɗe rufin suka zuro shi da shimfiɗarsa. Ba a faɗi sunan ko ɗaya daga cikin huɗun nan ba, ba a kuma rubuta wata kalma da suka furta ba. Amma an rubuta cewa Yesu ya ga bangaskiyarsu. A ina ya gan ta? A ɗaukar da suka yi wa wanda ba ya iya tafiya da kansa. Akwai lokacin da mutum ba ya iya kai kansa gaban Allah, kamar yadda na kasance a sati bakwai ɗin nan. A irin wannan lokaci aboki ne ke kama kusurwar shimfiɗa.

Ko a tarihin ƙungiyoyin da muke ciki haka abin yake. Boys' Brigade da muke fareti da kayanta, William Alexander Smith ne ya kafa ta a birnin Glasgow na Sukotlan a 1883. Ba Fasto ba ne. Malamin Makarantar Lahadi ne da yara maza suka addabe shi da rashin ji, kuma da yake yana cikin sojan sa-kai, sai ya yi amfani da fareti da horon da ya sani. Abin da ke hannunsa ya yi aiki da shi. Ƙungiyar FCS da da yawa daga cikinku ke halarta a makarantu ta faro ne a Gindiri ta Jihar Filato a 1957, kuma har yau ɗalibai da malaman aji ne ke riƙe da ita a makarantu. Ku dubi Wusasa kusa da Zariya. Daga can aka samu Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Haka kuma Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Kiristoci ne, amma yawancin hidimarsu a ɗakin marasa lafiya da ofis suka yi ta, ga Musulmi da Kirista baki ɗaya.

To, kai da kake aji huɗu ko biyar, mene ne naka kiran a yanzu? Na farko dai, karatun nan da ke gabanka. Ɗalibar da ke raira waƙa a gaba ranar Lahadi amma ranar Litinin tana kwafar aikin gida, ta bar rabin bangaskiyarta a coci. Na biyu, abin da ka iya. In ka iya Lissafi, akwai wanda ke kuka da shi a ajinku. In kin iya kitso, akwai 'yar aji ɗaya a ɗakin kwananku da ba ta da mai yi mata. In kana da ƙarfi, akwai tsohuwa a ikkilisiyarku da ba ta da mai ɗebo mata ruwa. Babu wanda zai kira sunanka a sanarwa saboda waɗannan, kamar yadda ban taɓa jin an kira sunan Baba kafinta ba. Amma ranar da bai zo ba kowa a tsaye zai yi sujada.

Sai dai kada ku ɗauka abota rake ce da hira kawai. Akwai ranar da muka ɓata da abokin nan nawa. Lokacin da za a yi rajistar jarrabawar waje, wani ɗan uwanmu ya ce zai biya mini kuɗi a wata cibiya da ake rubuta amsa a allo. Na yi murna, don na gaji da zaman gida. Da na gaya wa abokina sai fuskarsa ta canja. Ya ce, "Mutumina, in ka ci da amsar wani, ranar da ka fita gaba yin godiya, me za ka ce ka gode wa Allah a kai?" Na fusata. Na ce masa ai shi ya riga ya tsallake, shi ya sa bakinsa ke da sauƙi. Ya tashi ya tafi. Na ɗauka shi ke nan, amma ranar Asabar sai ga shi da littafinsa kamar ba abin da ya faru. Ban je cibiyar nan ba. Na rubuta da kaina, na samu C5. Ba maki ne na alfahari ba, amma nawa ne, kuma da shi na shiga jami'a. Abokin da ke yarda da duk abin da ka kawo, ba kai yake so ba, zaman lafiyarsa yake so.

Akwai kuma wani laifi namu da ya kamata in faɗa. Sau da yawa zumuncinmu yakan zama ƙungiyar 'yan gari ɗaya ko masu hali ɗaya. Masu ƙwazo a FCS su zauna a gefe guda, su riƙa kallon sauran a matsayin ɓatattu. Yarinyar da ta yi kuskure, a yi ta ƙus-ƙus da sunan "mu sa ta a addu'a", amma babu wadda za ta taka ta je wurinta. Baƙon da iyayensa suka yi ƙaura zuwa garinku, ko wanda rikici ya koro daga ƙauyensu, yakan yi wata uku yana zuwa sujada babu wanda ya san sunansa. Ku tuna, lokacin da Shawulu ya tuba ya zo Urushalima, almajirai tsoronsa suka ji. Barnaba ne ya kama shi ya kai shi wurin manzanni ya tsaya masa. Kowace ikkilisiya tana bukatar mai irin wannan hali, kuma ba sai mutum ya yi furfura ba kafin ya zama shi.

Kada kuma abotar ta tsaya a bakin ƙofar coci. Littafin Lissafin da na yi bita da shi a watannin nan, na wani maƙwabcinmu Musulmi ne, ɗan ajinmu, wanda ya miƙo mini ta kan katanga ba tare da na roƙa ba. In muna cewa an umarce mu da ƙaunar maƙwabci, to maƙwabcin nan shi ne wanda muke haɗa katanga da benci da shi, ko da wurin ibadarmu daban.

Ga aikin gida na wannan mako. Ranar Lahadi, ko ranar taron FCS, ko ma gobe a aji, ka ɗaga kai ka duba wurin da babu kowa. Wa ya saba zama a nan? Yaushe rabonka da shi? Kada ka tsaya a tura saƙon WhatsApp, domin wanda ke ɓuya ba ya buɗe saƙo, ni shaida ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ka sanar da iyayenka, ka nemi wani ya raka ka, ku je. Ba sai ka shirya wa'azi ba. Ka tafi da abin da ka iya, ka zauna, kuma ka sake komawa. In kuma kai ne ka ɓuya, saboda sakamako, ko kuɗin makaranta, ko wani abin kunya, ka sani akwai wanda ke ƙirga makonnin. Idan ya yi sallama, ka amsa.

Baba kafinta ya tsufa sosai yanzu, yara uku ne ke jera bencin, shi kuma yana zaune yana nuna musu da sanda. Duk hutun da na koma gida nakan je da asuba in kama musu. Kuma nakan duba bencin baya.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau.