Sharhi: Asirin Wa Ake Rufawa?



Duk lokacin da aka ci zarafin yaro a unguwa, akwai maganar da ke riga likita da ɗan sanda isa gidan: "A rufa asiri." Dattijo ya ce a rufa asiri. Gwaggo ta ce a rufa asiri, kada yarinya ta rasa mijin aure. Dangin mai laifi su aiko da 'yan kuɗi, su ce a bar wa Allah. To asirin wa ake rufawa? Na yarinyar da ta daina barci, ko na ƙaton da gobe zai buɗe shagonsa ya kira wata da alewa?

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Nijeriya na gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10, ta hanyar lalata ne. Galibi kuma mai laifin ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ɗan uwa ne, wanda muke gaisawa da shi kullum. Shi ya sa bakinmu ke nauyi.

Doka akwai ta. Kaduna ta tanadi dandaƙa ga mai yi wa ƙananan yara fyaɗe tun 2020, Kano ma ta samu dokar kare yara a 2023. Amma alƙali ba ya hukunta abin da aka kashe a zaure.

Don haka masu wayar da kai, don Allah ku fito daga ɗakunan taro na otal. Ku je wa liman ya faɗa a huɗuba. Ku je wa malaman Islamiyya, da mai unguwa, da ungozoma, da mai kitso, wadda ke jin abin da mata ba sa faɗa wa kowa.

Ga kuma talla. Haba iyaye! 'Yar shekara takwas da farantin gyaɗa a ka, bayan isha'i, tana bin tasha da kangwaye, an ce kada ta dawo sai ta sayar. Ribar nawa ce? Na san babu ce ke sa wasu, ba na musun haka. Amma ko da babu, a dawo da yarinya gida kafin magariba.

In kuwa abin ya faru, kada ku doki yaro don ya faɗa, kada ku ce ƙarya yake. Kada a wanke tufafin da ke jikinsa, shaida ce. A kai shi asibiti cikin awa 72, lokacin da maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki, sannan a sanar da hukuma. Wanda ya zo yana cewa a rufa asiri, ku ce masa kun riga kun kai ƙara.