Wane Fulogi Za Mu Soka A Dawanau?

Jama'a, wani zai ce ina ruwan mai awon gero da motar lantarki, mu da ko kuɗin Adaidaita Sahu sai mun yi lissafi. To, a saurara. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da mu ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuwa ta wuce 1,000. Duk buhun da ya shiga Dawanau ko ya fita, da kuɗin man nan bisa kansa, kuma talaka ke biya. Saboda haka abin hawan da ba ya shan mai namu ne tun kafin ya iso.

Yana kuwa tafe. A 2020 aka haɗa Hyundai Kona mai batir a Ikko. A 2021 aka buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. A ƙarshen 2023 aka zuba tasi masu lantarki a Maiduguri. Abin da ya isa Sakkwato da Borno ba zai ji nisan Kano ba.

Mai hali ya ja waya a gidansa, ya kwana yana caji. Amma direban da ya kwaso wake daga Bichi, ko bafataken da ya taso daga Katsina, in ya iso Dawanau batir ya yi ƙasa, ina zai soka? Ga inda gizo ke saƙa.

Mu fara da bango. Turawan Ingila sun bar mana fulogi mai ƙafa uku masu faɗi, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce amfiya 13. Da wutarmu mai bolt 230, iyakar abin da zai bayar yunit uku ne cikin awa guda, shi ma in ba a ɗauke wuta ba. Adaidaita mai batir, wadda cikinta bai cika wuce yunit goma ba, awa uku ko huɗu sun ishe ta, watau kafin a gama ciniki a loda kaya. Amma motar da batirinta ke cin yunit 60, sai ta yi awa 20 a jikin bango. Wane ɗan kasuwa ne zai kwana ya wuni yana gadin soket? Kuma soket ɗin shago ba don wannan wahala aka yi shi ba. Fanka ya sani, da rediyo. In aka ɗora masa jan wuta dare farai, balle ta kan doguwar wayar nan mai araha da a ke jonawa, sai ya yi zafi ya narke, ga buhunan riɗi da zoɓo jibge a gefe. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba sai mun yi musu dogon bayani ba. In kuwa ka ƙetara Jibiya ka nufi Maraɗi, sai ka tarar da soket irin na Faransa mai rami zagaye, naka ba ya shiga sam.

A jikin motar ma haka. Turai na da bakinta, CCS. Sin na da nata, GB/T. Japan ta daɗe da CHAdeMO. Amurka ta yi irin nata CCS ɗin dabam, ga kuma na Tesla. Kowace ƙasa ta san abin da ta ke so, mu ne kaɗai juji: tsohuwa ta zo daga Amurka ta Kwatano, sabuwa ta zo daga Sin, kowace da bakinta. Har waɗansu wayoyin caji da ke biyo motocin Amurka don wuta mai bolt 120 aka yi su, ka soka a tamu ka ji ƙauri.

Ai mun taɓa ganin irin wannan. Ku tuna teburin mai cajin waya a bakin kasuwa, igiya iri-iri kamar kayan boka, ƙaramin fil da babban fil. Ƙasashen Turai suka gaji, suka kafa doka, daga Disamba 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar can da baki ɗaya za ta zo. Waya kuwa in ta mutu hira ka rasa. Mota in ta mutu a hanyar Katsina, da balas ɗin mai ita a wuyanka, abincin gida ka rasa.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin abin da zai faru in kowane dillali ya zo da tiyarsa. Wa zai ci riba? Mai tiya. To, haka nan in aka bar kowane kamfani ya sayar da motarsa, ya gina wurin cajin da ita kaɗai ke shiga. Ranar da ya ga dama ya ƙara kuɗi, ba ka da wurin gudu, ka zama bawan soket ɗinsa.

Abin da mu ke nema ba ya fi ƙarfin Gwamnati. Ran 2 ga Afrilu 1972 rana ɗaya aka mai da tuƙin ƙasar nan duka daga hagu zuwa dama, don mu daidaita da maƙwabta. Wanda ya iya wannan ya kasa zaɓen fulogi? Hukumar SON, mai kula da ingancin kaya, ta tsai da baki ɗaya, a rubuta shi cikin doka, a tare saura tun daga bakin ruwa. A ganinmu na Turai ya fi dacewa da motoci, gama ƙarfin wutarmu ɗaya da tasu, kuma kamfanonin Sin da kansu suna sa shi a motocin da su ke kaiwa can. Adaidaita da babur kuwa, soket mai amfiya 15, irin na na'urar sanyaya ɗaki, ya wadatar, muddin an ja masa wayarsa dabam mai kauri.

Sa'an nan a gina rumfar caji ta kowa da kowa cikin Dawanau. Tun 1985 kasuwar nan ke ciyar da Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kullum ana yankar rasit. Ina kuɗin ke zuwa? A sa mata faifan hasken rana, domin ba mu manta da Oktoba 2024 ba, sa'ad da Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu. Mita kuma ta fuskanci mai saye, kamar yadda sikeli ke fuskantarsa.

Kafin a yi, duk wanda aka kawo wa keken batir a kan biya sannu-sannu, kada ya sa hannu sai an nuna masa fulogin, an kuma faɗa masa wuri uku tsakanin Kano da garinsu inda zai shiga. Wakilanmu za su kai maganar nan taron shugabannin kasuwa, muna so kowane layi ya aiko da mutum.