Daga Zauren Makaranta: Maƙerin Da Ya Tafi Gabas Da Matarsa

Yau labarin gidanmu za mu ba ku. Mun ɓoye sunaye, domin masu su suna da rai, ba mu kuwa nemi izninsu ba.

Kakanmu yana da wa, maƙeri, a wani ƙauye na ƙasar Katsina. Maƙerin baƙi ne, watau na fartanya da garma da lauje da gatari. Abu biyu suka tashe shi daga gida. Na fari, yunwar nan da a ke kira Kakalaba, ta 1913 zuwa 1914, wadda ta sa manomi bai iya sayen ko da lauje ba. Na biyu, tun 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, ƙarfen Turawa ya fara yawa, masu narka tama suka ga kasuwa tana juya musu baya. Sai gida ya rabu biyu. Kakanmu, yana yaro, ya bi fatake hanyar Gwanja har ya sauka Kumasi. Wansa kuwa ya ɗaure masaɓa da awartaki da zuga-zugi a kan jaki, ya sa amaryarsa gaba, suka fuskanci alƙibla.

Ku sani a zamanin nan talaka da sana'arsa ya ke zuwa Makka, ba da guzuri ba. Hanya ta bi ta Barno, ta Farlomi wadda a yau a ke kira Njamena, sa'an nan Abashe, da Fashar, da Ubayyid, har bakin Bahar Maliya, a ƙetare zuwa Jidda. Duk garin da kuɗi ya ƙare, nan maƙeri zai nemi inuwa ya hura wuta. In babu yaron zuga, matar ce ke zuga, da yamma kuma ta dama fura ta sayar wa ayari. A hanya ta haifi 'ya'ya uku, ta binne ɗaya. Sun daɗe a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Kogin Nilu bayan an kashe mahaifinsa a Burmi cikin 1903. Can akwai manoma Hausawa, akwai masu bukatar fartanya. Kamar yadda a ke faɗa a gidansu, sun fi shekara goma a hanya, suka isa bayan Sarki Abdul'azizu ya karɓi Makka cikin 1924.

To, nan fa maƙeri ya gamu da abin da bai zata ba. Makka kwari ne da ba a noma, wa zai sayi garma? Sai ya sauya hannu. Ya koma ƙera wuƙaƙen yanka na ranar hadaya, da turakun kafa tanti a Mina da Arfa, da sarƙa da ƙusar ƙofa. Cinikin wata biyu shi ke ciyar da gida shekara. Matar ita ma ba ta zauna ba, ta riƙa dafa wa alhazan ƙasarmu abincin gida. Larabawa suna kiran irinsu Takarir, kalmar da ta zama takari a bakinmu.

Kada wani ya raina wannan sana'a a wannan gari. Sayyidina Habbabu ɗan Aratti, Allah ya ƙara masa yarda, maƙerin takubba ne a Makka, yana cikin waɗanda suka riga shiga Musulunci, an kuma azabtar da shi da wuta bai juya ba. A Madina kuwa, gidan maƙeri Abu Saifi da matarsa Ummu Saifi aka kai Ibrahimu ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don shayarwa. Masu hana ɗan maƙeri aure a zangonmu su tuna da wannan.

'Ya'yan maƙeri biyu maza suka girma a Makka. A zamaninsu mota ta ture raƙumi, aikin faɗaɗa Masallacin Harami ya fara cikin 1955 a mulkin Sarki Sa'udu, kayan kamfani suka cika kasuwa. Babban ya ajiye masaɓa ya koyi walda da gyaran mota. Ƙaramin ya koma aikin gwangwani, yana yin mazubin ruwa. Sa'ad da hukuma ta ke rubuta mazauna ƙasa, babban ya je ya karɓi takarda. Ƙaramin ya ƙi, ya ce shi baƙo ne, gida za shi. Bai koma ba har ya rasu.

Jama'a, dubi abin da takarda ɗaya ta yi. Jikokin babban 'yan ƙasa ne, suna rubuta Hausawi a ƙarshen sunansu, kamar yadda wasu ke rubuta Barnawi ko Fallata. Irin wannan suna ba ɓoyayye ba ne a can: Usama Hausawi, haifaffen Makka, shi ya shugabanci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018, Shehu Umaru Fallata kuwa ya shekara da yawa yana karantarwa a Masallacin Annabi. Amma jikokin ƙaramin, waɗanda a Makka aka yanke musu cibiya, suna zaune da iznin zama irin na baƙo. An komar da wasu Nijeriya, ƙasar da ba su taɓa gani ba, suka sauka Kano ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Yaya aka yi muka san duk wannan? Ta wajen matar maƙeri ne, Allah ya jiƙanta. Ba ta yi karatu ba, amma ta rayu bayan mijinta, kullum dare kuma sai ta tara jikoki ta jera musu sunan ƙauye, da sunan uban mijinta, da kakansa, da ƙanen nan da ya tafi Gwanja. Maza suka ɗauka surutun tsufa ne. Jika ɗaya mace ta haddace. Yau ita ma ta tsufa, kowace shekara ta kan aiki yaro masaukin alhazan Gana wajen Misfala, ya yi cigiyar zuriyar wane ɗan wane, maƙeran Katsina.

Shekarar da Allah ya nufe mu da sauke farali, cigiyar ta iso kunnenmu. Sunayen kuwa mun san su, domin a gafakar mahaifinmu akwai wata tsohuwar takarda ta ajami wadda kakanmu ya sa aka rubuta masa. Muka je. Muka durƙusa muka ce, "Inna, ina wuni?" Ta ce, "Wace Inna? Jero mini kakanninka tukuna." Muka jera, tana bi da yatsa. Da muka kai na huɗu sai ta fashe da kuka, ta ce, "Ai ni yayarka ce, ƙanena. Zauna." Ta sa aka ɗauko wata tsohuwar masaɓa daga ƙarƙashin gado. Jikokinta suna tsaye suna kallo, ba mai jin Hausa a cikinsu sai gaisuwa, ba kuma wanda ya san sunan abin da ta riƙe.

To, ga abin da mu ke so ku ɗauka. Sana'a ta tafi a hawa na biyu, harshe ya tafi a na huɗu. Abin da ya haɗa Kumasi da Makka bayan shekara ɗari, haddar tsohuwa ne da takarda guda. Da ɗayansu ya ɓace, da shi ke nan. Mu 'yan zango halinmu ɗaya da nasu. Kakanninmu baƙi suka zo, da niyyar komawa, ga mu har yau. Yara nawa ne a makarantarmu za su iya faɗin garin kakansu?

Saboda haka muna roƙon abu biyu. Na ɗaya, kowane mai gida ya tabbata 'ya'yansa suna da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, kada ya ce sai gobe. Na biyu, ranar Alhamis da Jumma'a ba karatu, zaurenmu a buɗe ya ke. Dattijo ya zo, ya kuma fara tambayar tsofaffin matan gidansa, don su ne ma'ajiyar asali. Za mu rubuta da ajami da boko, ba ko kwabo. Alƙalami da tawada namu ne, sunaye naku.

Allah ya jiƙan magabatanmu, na gabas da na yamma, ya sada mu da alheri. Haza wasalam.