Birkin Baya Da Gyaran Gangar Auzinawa

Duk bakaniken da ya ɗauko liba da guduma zai mayar da fistin ɗin birkin baya na Honda Accord, ya kamata a ƙwace kayan aikin daga hannunsa, a ce ya koma wajen ogansa ya ƙarasa koyo. In kuwa ogan ne ya koya masa haka, to su koma tare. Na gaji da ganin wannan ɓarna a garejojinmu, ana yi ana dariya, mai mota na zaune a kan benci yana latsa waya, bai san ana taɓa ransa da na iyalinsa ba.

Abin ba wani sirri ba ne. Idan fatar birki ta cinye, fistin ɗin da ke cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan taya, yakan fito waje sosai. Kafin sabuwar fata mai kauri ta samu wurin zama, dole a mayar da shi ciki. Na gaba ba shi da gardama, dannawa kawai ake yi a hankali ya koma. Na baya kuwa, a motoci da yawa, birkin hannu a jikinsa yake aiki. Akwai zaren kusa a cikinsa, wanda ke turo shi kaɗan-kaɗan yayin da fata ke cinyewa, don birkin hannu ya ci gaba da kamawa. Irin wannan fistin kamar murfin kwalba yake, murɗa shi ake yi ana dannawa a lokaci guda. Shi ya sa masu ƙera shi suka yi masa tsagi a fuska, inda haƙoran ƙarfen murɗawa za su shiga. Tsagin nan ba ado ba ne.

Accord ɗin 2003 zuwa 2007 da ake kira EOD, da ta 2008 zuwa 2012, da Golf 4, duk haka nasu yake. Camry ta 2007 zuwa 2011 kuwa birkin hannunta daban yake, a ɓoye cikin faifan, don haka nata fistin dannawa ake yi kamar na gaba. Nan ne matsalar take samo asali. Mutum ya yi wa Camry da safe ya ga ya shige salin alin, da rana aka kawo masa Accord ya ce ai mota mota ce. Ya danna, ya ƙi. Maimakon ya tsaya ya tambayi kansa dalili, sai ka ji: "Kai yaro, miƙo min babbar liba." In ta ƙi, a kawo guduma. Ƙarfe dai ba ya magana, amma zaren da ke ciki ya riga ya tafi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ke biyo baya. Zai share hannu da tsumma, ya zo da fuskar tausayi ya ce: "Alhaji, wannan kalifar ta daɗe da kamawa, Allah ne ya sa ka kawo ta yau. Sai dai a je kasuwar Ƙofar Ruwa a nemo wata." Da hannunsa ya kashe ta minti goma da suka wuce. Alhaji zai biya kuɗin kalifa, ya biya kuɗin aiki, ya ƙara da godiya. Wannan zamba ce, ko da mai yin ta bai san zamba yake yi ba.

Wanda ma aka ce ya sayi wata kalifar ya yi sa'a. Akwai wanda za a haɗa masa a haka ya tafi. Birkin hannu ya daina riƙewa, daga ranar sai neman dutse a duk inda aka tsaya a gangare. Ko kuma fistin ya maƙale, fata ta riƙa gugar faifai ba hutu, taya ta yi zafi har ka ji ƙauri, mota ta ƙara shan mai. Wani ya san murɗawa ake yi, amma da filaya yake damƙar gefen fistin, ya yaga robar da ke kare shi. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya biyo, tsatsa ta gama aikin. Sannan a bayan fatar wasu motocin akwai ɗan ƙulli da dole ya faɗa cikin tsagin fistin. In ba a daidaita su ba, fatar a karkace za ta zauna, a karkace za ta cinye.

Sai ka ji ana cewa ai birkin gaba ne ke tsayar da mota. Gaskiya ne shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin. To amma na bayan ne ke taimaka wa mota ta tsaya a miƙe idan aka taka da ƙarfi. Duk wanda tirela ta taɓa tsaya masa ba zato a hanyar Kano zuwa Zariya ba zai raina ko da taya ɗaya ba.

Kuma fa zamani bai tsaya jiranmu ba. Tun 2005 Volkswagen Passat ta zo da birkin hannu na lantarki, maɓalli ake taɓawa, ƙaramin injin lantarki a bayan kalifa ya matse. Accord ta 2018 ma haka take, kuma irinsu suna ta shigowa. Waɗannan sai an umarci motar ta saki birkin tukuna, galibi da na'urar kwamfuta, kafin a taɓa fistin. Wanda ya kasa gane tsagin da yake gani da idonsa, me zai yi da wannan?

Masu motoci ma ba zan wanke su ba. Mutum zai zuba miliyoyi ya sayi mota, amma ya tsaya yana ciniki da bakanike a kan ɗan kuɗin gyaran birki, har ya bar wanda ya iya ya koma wajen mai araha. Akwatin ƙarfen murɗa fistin bai kai kuɗin kalifa ɗaya mai kyau ba, kuma shekaru zai yi ana aiki da shi. Ya kamata shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA su sa shi cikin kayan da ba a yaye yaro sai ya iya riƙe su.

Kai kuma mai mota, in za a canja maka fatar baya, tashi daga bencin nan. Ka leƙa fuskar fistin. In ka ga tsagi, ka ce a nuna maka ƙarfen da za a murɗa shi da shi. A canja fata a ɓangarorin biyu tare, kar a bar kalifa tana reto a jikin tiyo, kuma a taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin motar ta motsa. Ka ja birkin hannu a gabansu ka ga ya riƙe. In ka ga an nufo motarka da guduma, ka ce a mayar maka da tayarka, ka tafi wani garejin.