Mutum-mutumin fim bai iya yankan riɗi ba, amma manhajar waya ta riƙe mana aljihu

Masu rubuta manhajar kwamfuta suna da wani barkwanci da suke yawan yi. In aka tambayi ɗayansu ko yana tsoron ranar da mutum-mutumi zai ƙwace mulkin duniya, sai ya ce shi dai tun safe yake fama da injin buga takardu ya ƙi jin maganar kwamfutar da ke gefensa. In ya ji, a dawo a yi zancen mulkin duniya. Akwai kuma wanda ya fi wannan shahara. A kawo ƙarar cewa manhaja ta ƙi aiki, sai mai ita ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To ai a kwamfutata lafiya lau take aiki."

Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Mutanen da suke haɗa waɗannan na'urori da hannunsu su ne suka fi kowa yi musu dariya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuwa nan Simsim da sauran ƙauyukan Gadarif, bidiyon mutum-mutumi na rawa a Facebook da TikTok ya sa yaranmu suna tambaya wai meye amfanin karatu in inji zai karɓe komai. Tambayar ta cancanci amsa.

Ita kanta kalmar robot daga wasan kwaikwayo ta fito. Wani marubuci ɗan ƙasar Cek mai suna Karel Capek ne ya fara amfani da ita a 1920, kuma asalinta a harshensu aikin tilas take nufi. Fim ɗin Terminator na 1984 ya ƙara dasa wa duniya hoton ƙarfe mai jan ido da ba ya gajiya. To amma gani ya kori ji. A watan Afrilun 2025 an yi tseren kilomita 21 a birnin Beijing na ƙasar Sin, aka sa mutum-mutumi 21 tare da mutane. Mafi yawansu ba su kai ƙarshe ba, wasu faɗuwa suka yi. Wanda ya zo na ɗaya a cikinsu ya ci awa 2 da minti 40, alhali ɗan adam ɗin da ya lashe tseren bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba.

Wani masani mai suna Hans Moravec ya bayyana dalilin haka tun 1988. Lissafi mai wahalar da mutum sauƙi ne ga kwamfuta, amma abin da yaro ɗan shekara uku yake yi ba tare da tunani ba, kamar tafiya a ƙasa mai gargada ko ɗaukar abu ba tare da ya murƙushe shi ba, shi ne yake ba ta kashi.

Ba sai mun je Sin ba, shaidar tana bayan gidajenmu. Noman inji ya shigo Gadarif tun tsakiyar shekarun 1940 a Gadambaliya, kuma a 1968 aka buɗe babban aikin noman inji na Simsim da bashin Bankin Duniya. Fiye da shekara hamsin ke nan tarakta tana huɗa tana shuka. Amma in Oktoba ta zo, yawancin riɗin nan da lauje ake yanke shi, a ɗaure dami-dami a jingine. Dalili kuwa, ƙwansonsa yana bushewa sai ya tsage, in aka girgiza shi ko aka yi jinkirin 'yan kwanaki, rabin amfanin ya zube ƙasa. Shi ya sa har gobe mai gona yake zuba ido ga jango da 'yan ƙwadagon da ke tsallakowa daga Habasha. Hannun da ke riƙe da lauje, ba yau ko gobe ƙarfe zai maye gurbinsa ba.

Sai dai ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Na'urar da ta riga ta shiga rayuwarmu ba ta da hannu ba ta da jan ido. Tana cikin aljihu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsabar kuɗi ta yi wuya, manhajar Bankak ta Bankin Khartoum ta zama ita ce jakar jama'a. Mai kanti ba ya sakin kaya sai ya ga ish'ari a fuskar waya. Da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a Fabrairun 2024, mutum yana da kuɗi a asusu amma ba shi da na cefane. Sannan a Disambar 2024 aka fara canjin takardun fam 500 da 1000, Gadarif na cikin jihohin farko, kuma sharaɗin shi ne tsohon kuɗi sai ta asusun banki.

Nan ne barkwancin "a kwamfutata lafiya lau take aiki" ya daina ba da dariya. Wanda ya rubuta manhaja yana zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet na gudu, kowa na da takarda. Bai yi tunanin tsohuwar da ba ta karanta Larabci ba, ko ɗan ƙwadagon da ke tsakiyar gona inda sai an hau tudu ake samun layi. Buɗe asusu kuma yana bukatar lambar ɗan ƙasa. Kowane Bahaushen Sudan ya san iyalan da kakanninsu a nan aka haife su, amma har yanzu ana jan su a kan takarda. A da, in takarda ta gagara, akwai jami'in da za a roƙa, ko mai unguwa ya tsaya maka. Manhaja ba ta san mai unguwa ba. In babu lamba, ƙofa a rufe take, shi ke nan.

Kuskuren manhaja kuwa ba ya zuwa ɗaiɗai. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyara guda da kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura ya tsayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka rikice. Babu wani mutum-mutumi da ya yi tawaye. Ɗan adam ne ya yi kuskure a rubutu. In haka ta faru da masu abin, ina ga mu?

Saboda haka, jama'a, abin yi a fili yake. Iyaye su nemi lambar ɗan ƙasa ta kowane yaro tun kafin bukata ta taso. Matasan da suka iya waya su zauna da dattawa su koya musu duba asusu da kansu, kada a dogara da hoton ish'ari kawai, domin 'yan damfara suna ƙirƙirar na bogi. Kada kuma a zuba duk abin da aka mallaka a waya ɗaya. Buhun dawa a rumbu ba ya jiran layi.

Mu malamai kuma, in ɗalibi ya tambaye mu meye amfanin karatu, mu gaya masa cewa manhaja mutum ne yake rubuta ta, kuma wanda ya rubuta shi ne yake yanke wa za ta gane. Ana koyar da ilimin kwamfuta a Jami'ar Gadarif. Sai an sami ɗan Simsim a cikin masu rubutun, wanda ya san rashin layi da lokacin yankan riɗi, sannan za ta yi aiki a wayarmu kamar yadda take yi a kwamfutarsu. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Sudan.